Alhaji Ragi Ya Je Neman Ɗaki a Mokolo

Alhaji Ragi, Na-Dawanau, bawan Zazzagawa tun ran gini tun ran zane, ina gaisuwa. A'a, ba sai ka miƙe ba. Zauna abinka, na san tabarmar ta aro ce, kada ka yamutsa wa mai ita.

Na yi maka alkawari ba zan faɗa wa kowa yadda ka sami ɗaki a Mokolo ba, kuma ka shaida na cika. Ban faɗa ba. Rubutawa na yi.

Ka tuna ranar da ka kira ni? Astagfirullah, kada in yi maka ƙazafi a ce ka kashe kati: ranar da ka yi mini filashin na kira ka. Ka ce za ka zo Kamaru ka yi shekara 2, kana sayen waken suya da gyaɗa a duwatsun Mandara kana turawa Kano ta Mubi. Na ce madalla, bari in nema maka mai masauki tun kafin ka taso. Sai ka kwashe da dariyar nan taka mai kama da an taka wa akuya wutsiya, ka ce, "Kai Bazazzage, zamani ya bar ku a tasha. Yanzu gida a waya ake nema." Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Shekarata 19 a Garwa, amma ina ni ina koya wa Bakano duniya? Ku da kirarin garinku ya ce ko da me mutum ya zo an fi shi.

Bayan kwana uku ka turo mini hoto kana taƙama. Gida mai bene, tayil har bakin ƙofa, ga motocin haya masu ruwan ɗorawa a titi, ka ce minti biyar ne zuwa kasuwar Mokolo. Na duba, na sake dubawa, na ga itacen ayaba yana leƙowa ta katanga, ƙasa ja wur kamar an zuba manja. Alhaji, Mokolo biyu ce a ƙasar nan. Akwai garin da za ka, hedikwatar Mayo-Tsanaga a jihar Arewa Mai Nisa, kusan kilomita 80 yamma da Marwa. Akwai kuma unguwa da babbar kasuwa mai wannan suna a cikin Yawunde, babban birnin ƙasa. Tsakaninsu ya fi kilomita 1,000. Da ka kama wancan gida, da kullum sai ka kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ka wuni a mota, kafin ka je ka auna waken suya mudu ɗaya.

Gidan ma ba na mai tallarsa ba ne, wannan daga baya muka gane. Ɗan damfara ne ya ɗora hoton gidan mutane a Facebook, yana neman a turo masa kuɗin wata 3 ta waya. Kuma ka san abin da ya cece ka? Ba wayo ba ne, kada ka soma hura hanci. Maƙo ne. Ya ce sefa jaka 60 a wata, ka taya jaka 15. Ya sauko 50, ka ce 15 da ɗari. Kwana 9 kuna abu ɗaya, kai kana cewa "haba ɗan uwa, duba dai," har bawan Allah ya gaji ya toshe lambarka. A duk tarihin damfara ban taɓa jin inda ɓarawo ya gudu ya bar wanda zai cuta ba sai a kanka. Na tabbata yanzu haka ya tuba yana sayar da rake.

Sai maganar kuɗi. Ka je Wapa ka ce a ba ka sefa, ba ka ce wacce ba, kai dai inda ya fi araha. Aka ba ka abin da ka tambaya. Da safen da ka iso Garwa ka zaro sabuwar takarda ka miƙa wa mai shayin bakin layinmu, ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ɗaga ta sama kamar mai duban wata, ya ce, "Alhaji, wannan ta Nijar ce." Sefa ma biyu ce, Na-Dawanau. Ta yamma, wadda Nijar da Benin da Senegal da sauransu ƙasa 8 suke kashewa, bankinta yana Dakar. Tamu ta tsakiya, ta Kamaru da Chadi da Gabon da Kongo da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, bankinta yana Yawunde. Darajarsu ɗaya, kowacce 655 da ɗoriya ce a kan Yuro guda, amma ba mai karɓar ta wani a kasuwa. Kamar ni da kai ke nan: kakanni ɗaya, amma ba a haɗa mu a ma'auni. Ni na biya shayin. Da ƙwai uku.

Af, na tsallake bakin iyaka. An ce da ka wuce Sahuda ka iso Bukula, ka zaro katinka kana kaɗawa kana cewa "ECOWAS, ECOWAS," kamar mai kiran fasinja. Jami'in ya bar ka ka gama, sannan ya gaya maka a hankali cewa Kamaru ba ta cikin ECOWAS, ƙungiyarta CEMAC. Abin da ya bar ɗan Najeriya ya shigo ba biza yarjejeniya ce tsakanin ƙasashen biyu, ita ma baƙunta ce ta wata 3. Wanda zai zarce sai ya yanki katin zama, wanda muke kira kat-da-sejur, na shekara 2, a wurin 'yan sanda. Cikin takardun da za su nema kuwa har da shaidar inda kake kwana. Ka ga ashe ɗaki a nan ba wurin miƙe ƙafa ba ne kawai, shi ne gindin takardarka. Kuma ka gode wa mutanen Mubi da Gwoza da Madagali da suka zaɓi Najeriya a ƙuri'ar Fabrairun 1961. Da ta juya, da tun daga Mubi za ka fara lissafin kuɗin zama, da yanzu hawan jini ya kwantar da kai.

Daga Bukula hanyar Mokolo arewa ta miƙe, ta Rumsiki. Kai sai ka karkato kudu ta Gidar, fiye da kilomita 100, wai ka zo zumunci. Zumuncin kifin Binuwai dai. Ka ce kwana biyu za ka yi, ka yi 11. Yarana har sun fara tambaya ko sabon baba aka kawo musu. Ba komai, gidanka ne, bawa ai ba ya baƙunta a gidan ubangidansa.

Na raka ka Mokolo don kada a ce Bazazzage ya yar da kayansa. Mun bar zafin Garwa da asuba, muka bi babbar hanyar Marwa, muka karkata yamma, ƙasa ta soma tashi. Duk wanda ya fara ganin wurin nan sai ya yi shiru. Duwatsu ne a kan duwatsu, kamar an zazzage su daga buhu, amma Mafa, mutanen wurin, sun bi kowane gangare sun yi masa matakala da jerin duwatsu don ruwa kada ya kwashe ƙasa, suna shuka dawa da gero a inda kai ko akuya ba za ka ɗaure ba. Gidajensu ƙananan ɗakuna ne zagayayyu a cure wuri ɗaya, kowanne da jinka mai tsini kamar malafa. Ni ina tasbihi, kai ka zunguro ni ka ce, "Nawa suke sakin fuloti a nan?"

A tasha ka kama dillali, demashe suke ce masa. Tun kafin ya taka ƙafa ya nemi kuɗin zagaye, ya ce da Hausarsa ta 'yan iyaka, "Ɗari biyu." Fuskarka ta washe. Ka zaro sefa 200 ka ba shi, har da cewa ya riƙe canji. Ya dubi tafin hannunsa ya dube ni. Sai da na ja ka gefe na ce maka a nan da dala ake ƙirge, kowace dala sefa 5, ɗari biyunsa jaka guda ke nan. Fulani su ce teemerre, ɗari ke nan a bakinsu, 500 a aljihunka. Jaka kuwa booro. Tun daga ranar, da ka ji an ce booro sai ka dafe ƙirji. Ita ce kalmar Fulatanci ta farko da ka koya. Ta biyu walaa, wato babu, ita kam ba a maimaita maka ba, kamar da ita aka haife ka.

Da ya ce a nan haya wata-wata ake biya, ba shekara guda dunƙule ba irin ta Kano, ka kusa rungume shi. Ka ce ashe akwai sauran masu imani a duniya. Sai ya ƙarasa zancen: bayar, wato mai gida, yana son abans na wata 6, da kosiyo na wata 2, kuɗin ajiya ke nan da ba za a taɓa ba sai ranar tashi, in ka fasa ƙofa ko ka bar bashin wuta a cire. Na ga kana ƙirga yatsu, ka ƙare na hannu, ka sunkuya kana duban na ƙafa.

Ɗaki na farko ya ce antire-kushe ne. Ka gyara hula, ka ce sunan ma kaɗai ya nuna na manya ne. Ma'anarsa shiga-ka-kwanta, Alhaji. Aka buɗe ƙofa, ka sa ƙafar dama da bismilla, goshinka ya gaisa da bangon ƙarshe. Tun ranar 23 ga Janairun 2022 da Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci ɗaya mai ban haushi a filin Rumde Ajiya na Garwa, ban ga ɗan Najeriya ya fito daga wuri a sanyaye kamar yadda ka fito daga ɗakin nan ba.

Na biyu ya yi maka. Ciki da falo, ga inuwar darbejiya, ga araha har kana zargin ko aljanu ne a ciki. Ka ce unguwar akwai albarka, dubi yadda mata ke ta dafa kunu a manyan tukwane, maza sun zauna a benci da ƙorai ana zumunci. Har ka ce a ɗebo maka ka ɗanɗana, tunda kyauta ce ɗanɗano. Ni na riƙe maka hannun riga. Bilbil ne, Alhaji, burkutun dawa, gidan da ke jikin naka nan ake sayar da shi. Ba laifinsu, garinsu ne, sana'arsu ce tun kakanni, kuma sun karɓe ka da fara'a. Amma ka yi tunanin Alhajin da ya je Makka sau biyu, ko da yake duk biyun kujerar wani ce, a ce ga adireshinsa.

Na uku ne ya koya maka karatu. Gida mai kyau, mai gidan dattijo ne kamili. Ka zauna ka soma abin da ka iya, ka kushe rufi, ka kushe ƙofa, ka ce masai ya yi nisa, don farashi ya sauko. Har ka zaro damin kuɗi kana kaɗawa yadda zai gani. Bai ko kalli kuɗin ba. Ya bar ka ka ƙare, ya ce, "Alhaji, wa ya san ka a garin nan?"

Ka ce kai sananne ne a Dawanau. Ya ce bai san ta ba. Na so in faɗi don dariya, amma nan wurin ba na dariya ba ne, bari in sassauta maka. Mokolo tana da dalilin tambaya. Iyaka tana nan kusa, bayan duwatsun can Gwoza ce da Madagali. Tun da masifar Boko Haram ta tsallako, ƙauyukan bakin iyaka na Mayo-Tsanaga, wajen Turu da Moskota, sun sha hari, mutane da yawa sun baro gonakinsu sun gangaro gari. A 2013 aka buɗe sansanin Minawawo ba nisa da Mokolo, inda 'yan gudun hijirar Najeriya fiye da 60,000 suke zaune, akasarinsu daga Borno. Ma'aikatan agaji suka biyo su, suka kama gidajen kirki, haya ta ɗaga. Ga ɗaki ya yi wuya, ga tsoro. Mai gidan da ya saukar da baƙo bai kai shi gaban jauro ba, wato mai unguwa, in wani abu ya faru shi jandarma za su fara nema. To kai kuma ga ka da gemu, ga damin kuɗi, ba Faransanci, ba Fulatanci, ba Mafa, kana kushe masa masai. Ko ni ne sai na tambaya.

Abin da ya ba ni haushi, kai jikan fatake ne. Kakanninka da suka bi hanyar Gwanja neman goro har Salaga, da waɗanda suka gangaro Adamawa neman haƙorin giwa har Ngaundare da Tibati da Banyo, wanne ne a cikinsu ya shiga gari yana tambayar ina ɗakin haya? Mutum suke tambaya. Ina fatoma, ina mai masauki? Shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya kawo mai saye, ya tsaya maka in an ba ka bashi, ya kai ka gaban sarki in rigima ta taso, ya ɗauki la'adarsa. A kan haka aka kafa Zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan, da Birketiri a Yawunde, da Hausare ɗinmu a nan Garwa. La'adar ce ka guda, na sani. Ka lissafa ka ga waya ba ta karɓar kamasho.

Da la'asar ta yi, ka zauna a kan dutse bakin masallaci, babbar riga ta yi ƙura, hula ta karkace, kana cin gyaɗar samfur da ka karɓo kyauta a kasuwa. Tausayi ya kama ni. Na ce taso. Na kai ka zauren wani tsoho maɗinki da na sani tun zuwana ƙasar nan, na ce, "Baba, ga wani bawana, ba shi da hankali sosai amma ba ya sata." Ya ɗago tabarau ya dube ka, ya ce, "Bakano ne ko? Na gani a yadda yake kallon keken ɗinkina yana yi masa kuɗi." Bai tambaye ka takarda ba. Ya tambayi sunan mahaifinka, da sana'arka, da wanda kake yi wa saye, da ko kana da iyali. Ya aiki yaro ya sayo goro, da kuɗina, ya sa takalmi, muka bi shi gidan jauro. Aka gaisa, jam na, jam, jam na, jam, har ka fara gyangyaɗi. Kafin magariba an ba ka ciki da falo a wani saare, wato gida, mai tsabta kusa da kasuwa, jaka 20, abans na wata 2 kacal, kosiyo kuwa mai gidan ya ce tunda Baba ne ya kawo ka, Baba ne kosiyon.

A hanyar dawowa ka ce wa tsohon, cikin ladabin da ban taɓa ganin ka da shi ba, "Baba, ku asalinku daga Kano ne ko?" Ya ce a'a, kakansa daga Ƙofar Doka ya taso da jakuna. Zariya, Alhaji. Zazzau. Ka ratsa ƙasa biyu, ka tsere wa ɗan damfara, ka kusa shan bilbil, ƙarshenta rufin da ke kanka albarkacin Bazazzage ne, wanda Bazazzage ya kai ka wurinsa. Na so a ce akwai mai hoto.

Labarin zamanka kuma yana iso ni, kada ka zaci duwatsu sun ɓoye ka. An ce daren farko ka zaro cajarka mai ƙafa uku irin ta Ingila, ka tarar soket ɗin bango ƙananan ramuka biyu ne zagayayyu irin na Faransa, ka yi ta dannawa har ka ce mai gida ya cuce ka. An ce da ka ji mita ɗaya ce a gidan, kuma ana raba kuɗin Sonel, kamar yadda tsofaffi ke kiran kamfanin wuta har yau, bisa yawan ƙwan da kowa ke da shi, ka kwance na falo da na banɗaki ka sa a aljihu, kana alwala da hasken waya. An ce ka zo da fanka biyu daga Kano saboda ka ji labarin zafin Garwa, inda watan Afrilu ke haura digiri 40, ba ka san Mokolo a kan tudu take ba. Da hunturu ya sauko daga duwatsu aka gan ka da asuba ka lulluɓa da buhun waken suya, idanu kaɗai a waje. An ce da rani ya tsananta famfo ya yi shiru, ka ƙi sayen jarkar ruwa, ka ce ai taimama ma addini ce. Wannan na ƙarshen ban yarda ba, na kare ka. Na ce Alhaji yana wanka, na gani da idona, ranar Juma'ar farko da ya zo.

Amma in faɗi gaskiya, ko da za ta kumbura maka kai, an ce ranar Laraba, ranar kasuwar Mokolo, ba mai kama ƙafarka. Matan Mafa sun sauko da kaya a ka, kai da kalmominka uku na Fulatanci kana ciniki har su yi dariya su sallama. Sun raɗa maka suna Alaji Walaa. Har mai sayar da zuwa-zuwa, fetur ɗin kwalba da ake tsallakowa da shi daga wajenku, wanda ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, an ce kai kaɗai yake yi wa ƙari don ka tafi ka ba shi wuri. Mai gidanka ma ya ce yaransa sun saba da kai, kana koya musu lissafi da tsakuwa. Allah sarki, yaran mutane.

Hajiya ta kira uwargidana, ta ce ka ce mata ta shirya, ka kama gidan sama. Gaskiya ka faɗa, a kan dutse yake. Na ce a gaya mata ta taho da bargo uku da ƙwan lantarki nata na kanta, ta ɓoye a cikin kwalla.

Saura lissafinmu. Kwana 11, ci uku a rana, ban sa na dare da kake tashi ka yi wa tukunya ziyara ba. Shayi da ƙwai uku. Kuɗin mota zuwa da dawowa. Goron jauro. Da bargona mai zanen damisa da ka ce aro ne na mako guda. Makon jiya na raka wasu baƙi Rumsiki, inda masu yawon buɗe ido ke zuwa kallon dogayen duwatsun Kapsiki da tsohon nan mai duba da ƙaguwa. Ni ban yarda da duba ba, Allah ya tsare, amma baƙin suka matsa in yi tambaya ko don nishaɗi. Na ce a tambayi ƙaguwar yaushe Bakano zai biya ni. Tsohon ya sa ta a kasko, ya rufe, muka jira. Da ya buɗe, ta haƙa rami ta shige.

In kana da amsa, fili naka ne, rubuto a buga, na san bakinka ba ya mutuwa. Amma rubutowa na ce. Kada ka yi mini filashin.